Ruwan da Ke Ciyar da Masara, Yake Kuma Cin Ƙarfe

Duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi a watan Yuli ya san yadda masara ke yin kore shar bayan an kwana ana ruwa da tsawa. A cikin wannan ruwan akwai asid, irin wanda malamin kimiyya ke kullewa a kabad don kada ɗalibai su taɓa. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, abincin da masara ta fi buƙata, amma ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye daga iska. Zafin walƙiya ne ke haɗa shi da iskar oksijin, ruwan sama ya narkar da abin da ya fito, ya sauko da shi gona a matsayin asid ɗin naitirik. Ɗan kaɗan ne ƙwarai, ba zai maye gurbin buhun taki ba, kuma ƙarancin nasa ne ya sa ya zama abinci ga shuka.

Abin da walƙiya ke yi a sama, Bajamushe Wilhelm Ostwald ya samo hanyar yin sa a masana'anta daga amoniya, ya yi wa hanyar rajista a 1902. Har gobe mafi yawan asid ɗin da duniya ke sarrafawa a takin zamani yake ƙarewa. Tun da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtua a 1975, taki ya zama jigon noman masara a yankin nan, kuma manomin Bakori ko Kafur ba ya buƙatar a faɗa masa cewa in ya zuba shi da yawa a gindin shuka, ƙonewa za ta yi. Irin takin da ake yi da wannan asid ne, amoniyam naitiret, tan 2,750, aka jibge shekaru a tashar jiragen ruwa ta Beirut, ya tarwatse ran 4 ga Agusta 2020, ya hallaka mutum fiye da 200.

Amma wanda ya fi damuna shi ne asid ɗin da ke cikin kwalba. Wanda ake sayarwa ɗakunan gwaje-gwaje ƙarfinsa ya kai kashi 68 cikin ɗari, ga shi garau kamar ruwan sha, sai in ya daɗe a haske ya soma yin rawaya, shi ya sa ake ajiye shi a kwalba mai duhu. Da shi ake narkar da samfurin ƙasa ko na hatsi in ana son a gano ko akwai dalma a ciki. Da shi kuma masu sayen zinariya ke raba gaskiya da jabu: a goga ɗan kunne a jikin dutse, a ɗiga asid a kan layin. Zinariya ta gaske ba ta motsi. Tagulla kuwa sai ta narke, ruwan ya yi kore, wani hayaƙi ja-ja mai duhu ya tashi.

Wannan hayaƙin shi ne abin lura. In asid ɗin ya taɓa fata, yana barin tabo rawaya da zafi, mutum ya ruga neman ruwa. Hayaƙin ba ya yin irin wannan gargaɗin. Yaron shagon zinariya zai shaƙe shi, ya ɗan yi tari, ya sha ruwa, ya ci gaba da aiki har ya tafi gida lafiya lau. Sai cikin dare, bayan sa'o'i, wani lokaci ma washegari, huhu ya fara tara ruwa, numfashi ya gagara. Iyayensa za su ce sanyi ne ko asma, don ba wanda zai tuna da ɗan hayaƙin da aka gani da hantsi. Mun saba auna haɗari da zafin da muka ji nan take, kuma a nan wannan ma'aunin yaudararmu yake yi. Ban ga uzurin maigidan da zai sa ɗan mutane wannan aiki a ƙuntataccen shago ba taga ba, ko ya zuba asid a gorar ruwan sha ba ko rubutu, a inda yara ke shige da fice.

A ƙasar auduga irin tamu akwai ƙarin abin kiyayewa: in ya zube, kada a goge da tsumma ko auduga, kada a rufe shi da garin katako, don mai ƙarfinsa yana iya tayar musu da wuta. In za a sirka, asid ake tsiyayawa a hankali cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kansa. Wanda ya fantsamar wa jiki ko ido, a cire masa rigar, a yi ta kwarara ruwa har minti 20, ba manja, ba man shafawa. Wanda kuma ya shaƙi hayaƙin, a fitar da shi sarari, a kai shi asibiti ranar ko da ya rantse ba abin da yake ji, a kuma faɗa wa likita sunan abin da ya shaƙa da lokacin da abin ya faru.