Magen da Ba Ta da Ubangida

'Yan'uwa cikin Kristi, ko a Sérou, ko a bakin kasuwannin Djougou da Parakou, duk wanda ya duba juji da yamma zai ga maguna ramammu suna tonon abinci. Yawancinsu daga gidajenmu suka fito. Mage ta haihu, maigida ya ga 'ya'yan sun yi yawa, sai ya sa yaro ya zuba su a buhu ya yar a bayan gari. Waɗanda suka rayu su zama ɓarayin 'yan tsaki, mu kuma mu zuba musu guba. Wannan ya dace da Kirista?

Littafin Farawa ya nuna Allah ya ba mutum iko a kan dabbobi. Amma iko ne irin na makiyayin da aka ba amana, wanda zai ba mai dukiya lissafi. A ƙarshen littafin Yunusa ma, sa'ad da Ubangiji ya ji tausayin Nineba, ya ambaci dabbobin birnin.

Guba kuwa ba ta raba mu da damuwar. Cikin mage wajen mako 9 ne, tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. In an kashe na unguwa alhali jujin yana nan, waɗansu za su zo su maye gurbinsu. Gubar takan kashe kaji da karnuka, ɓera kuma ya sami sarari a rumbunanmu na dawa da masara. Kada mu manta, ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa da ya kashe mutane a Tanguiéta a 2014, da Tchaourou a 2016.

Akwai wata hanya. A kama mage da tarkon keji wanda ba ya ji mata rauni, likitan dabbobi ya sa ta barci ya yi mata aikin hana haihuwa, ya yanke ɗan bakin kunnenta don shaida, sa'an nan a mai da ita inda aka kamo ta. Ƙasar Italiya ta yi doka a 1991 da ta hana kashe magunan titi, ta umarta a bi wannan hanya.

Wani zai ce, ai Allah ne ya albarkaci halittu su hayayyafa. Gaskiya ne. To, amma muna fiɗiye bunsuru ya zama taure don ya yi kuɗi, lamirinmu bai taɓa kāshe mu ba. Abin da muke yi don riba, ba za mu yi shi don jinƙai ba?

Wani kuma zai ce, ina kuɗin, ga marasa lafiya a gida? Hakika mutum ne a gaba. Sai dai rufe shara da neman wa 'yan kyanwa gida kafin a yaye su ba sa cin ko dala. In maƙwabta suka haɗa hannu, sai a fara da muzurai, gama aikinsu ya fi sauƙi.

Yaran da muke aika da buhun nan suna koyon wani abu daga gare mu. Ubangiji ya sa jinƙai ne suke koyo. Amin.