Abin da Turmi Ke Fitarwa

Ɗan'uwa, kafin ka fita gona da safen nan, ɗauki ƙwayar tafarnuwa da ba a ɓare ba, ka shinshina. Kusan ba ka jin komai. Amma bari uwargida ta jefa ta turmi, kafin taɓarya ta sauka sau biyu gidan duk ya ɗauka.

Allah Ya ajiye abubuwa biyu a cikinta, kowane da ɗakinsa. Ɗaya sinadari ne marar wari, aliyin. Ɗayan inzayim ne, wato abin da ke hanzarta sauya wani sinadari zuwa wani. Muddin ƙwayar na nan lafiya, ba sa haɗuwa. Da an daka ta, sai bangon da ke tsakaninsu ya rushe, cikin daƙiƙu kaɗan a sami alisin, wanda Chester Cavallito da abokin aikinsa suka fara tacewa a Amurka a 1944. Makami ne da tsiron ke kare kansa da shi daga ƙwari da ƙwayoyin cuta, an tanadar masa tun kafin maƙiyin ya zo. Ƙamshin ɗanyar ciyawar da ake yanka wa dabbobi ma sai lauje ya ratsa ganye yake fita. Yau masu haɗa turare inzayim suke ɗebowa daga waken suya, su haɗa da man tsirrai, su sami wannan ƙamshin. Aro suka yi, ba ƙira ba.

Suratur Rahman ta ambaci tsirrai masu ƙamshi cikin ni'imomin da ake tambayar mu a kansu. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, taɓarya ba ta zuba komai a cikin tafarnuwa. Abin da ke ciki take fitarwa. Rashin lafiyar yaro, damina da ta yi gardama, maƙwabcin da akuyarsa ta shiga wakenka: ranar da irin waɗannan suka same ka, abin da ka daɗe kana tarawa a zuci shi mutane za su ji.

Kuma ba kowane ƙamshi ake shiga sahu da shi ba. Annabi (SAW) ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci, Sayyidina Umar kuwa ya ce a dafa su sosai. Wuta tana kashe inzayim ɗin, kaifin warin ya kwanta.

Ya Allah, duk abin da zai matse mu yau, Ka sa kada ya fitar da abin da zai cutar da na kusa da mu. Amin.