Hutun Disamba Ya Zo, Me Muka Tanadar Wa Yara?

Muna yi wa Allah godiya da Ya sake haɗa mu a wannan Juma'a cikin rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Jama'a, makarantun boko sun rufe, yara sun dawo gida, ba za su koma ba sai cikin Janairu. Kusan mako uku ke nan. Duk wanda ya daɗe a Ibadan kuwa ya san waɗannan makonni su ne kakar ɗan kasuwa. Mai shanu da awaki a Akinyele ba ya samun zama, mai tumatir da tattasai da albasa a Sasa da Bodija sai ya manta bai karya ba, mai tsire sai dare ya raba, masu canji a nan Sabo ga baƙi sun dawo daga ƙasashen waje da kuɗi a hannu. Alhamdu lillahi, arziki ne, kuma halal ne, Allah Ya ƙara buɗi. Sai dai lokacin da uba ya fi nisa da gida, shi ne daidai lokacin da yaro yake zaune babu aikin fari babu na baƙi.

To me yaron yake gani idan ya leƙa waje? Maƙwabta sun ɗinka sababbin kaya, ana yanka kaji, ƙamshin shinkafa ya cika layi, fitilu kala-kala a shaguna, ga mai jar riga da farin gemu yana raba wa yara kyauta. Daga 25 ga wata har 1 ga Janairu gari a cike yake da murna. Yaro ɗan shekara bakwai ya shigo ya ce, "Baba, mu fa?" Sai a ce masa, "Kai, ba namu ba ne, wuce ka ba ni wuri." Gaskiya aka faɗa masa, ba namu ba ne. Amma an sallame shi hannu rabbana, kuma abin da zai zauna masa a zuciya shi ne, gidan wasu akwai daɗi, gidansu sai tsawa.

Mu duba yadda Manzon Allah (SAW) ya yi. Anas ɗan Malik (RA) ya ba da labari, kuma Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito, cewa da Annabi ya iso Madina ya tarar mutanen garin suna da kwana biyu a shekara da suke wasa da shagali tun zamanin jahiliyya. Sai ya sanar da su Allah Ya musanya musu da waɗanda suka fi su alheri, wato ƙaramar Salla da babbar Salla. Musanya aka yi, ba ƙwacewa ba. An san ɗan Adam yana bukatar ranar da zai yi farin ciki, balle yaro.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Idi biyu muke da shi, babu na uku, kuma ba ina kiran a ƙirƙiro wani biki a Disamba don a yi gasa da kowa ba. Maganar da nake yi ta al'adar cikin gida ce: 'yan ƙananan abubuwa da ake maimaitawa duk hutu, har yaro ya riƙa ɗokinsu, ya ce a gidanmu haka ake yi.

Mu da muka tashi a gida Arewa mun san hunturu ba lokacin banza ba ne. An gama kaka, rumbu ya cika, dare ya yi sanyi, a hura wutar kara a tsakar gida kowa ya matso jin ɗumi. A tura dankali ko rogo cikin toka, ga gyaɗa, ga rake, ga mazarƙwaila sabuwa, ga magarya da goruba a aljihun kowane yaro. Da safe kunun tsamiya ko koko da ƙosai, a shafe ƙafa da man kaɗanya saboda faso. Almajirai suna kewaye da wuta da allunansu tun asuba. Da dare kuma kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa baki ɗaya. Ko sisi ba a kashewa a yawancin waɗannan, amma ga mu da furfura ta fara fitowa ba mu manta ba.

Hunturun Ibadan dai wasa ne, hazo na 'yan kwanaki, leɓe ya bushe, shi ke nan. Kuma a ɗaki biyu na haya ba a hura wutar kara, mai gida ya ba ka takardar tashi. Amma tatsuniya ba ta bukatar rumbu. Ku gwada yau da dare: ku tambayi yaranku wane ne Gizo, wace ce Ƙoƙi, me ya sa ake cewa ba a tatsuniya da rana. Ku yi musu kacici-kacici ɗaya, ku ce ƙulun ƙulufit, ku ga ko akwai mai cewa gauta. Da yawa za su tsaya suna kallonku. Ba laifinsu ba ne, ba a taɓa zama da su an yi ba. An ware wa Hausawa Sabo tun 1916, fiye da shekara 100 ke nan, kuma abin da ya sa har yau ake jin Hausa a layukan nan ba gwamnati ba ce, tsofaffin da suka zo da fataucin goro da shanu ne suka riƙe ta a bakin murhu da zaure. Yanzu riƙon ya dawo hannunmu, ga kuma waya ta shigo tsakani. Rabin awa bayan isha'i, a kife wayoyi duka, har da ta mai gida. Daren yau tatsuniya daga bakin uwa ko wata tsohuwa a gidan, gobe ƙissar wani Annabi daga bakin uba. Wanda ya ce shi bai iya ba da labari ba, ai ya iya ba abokan ciniki labarin yadda mota ta lalace masa a Mokwa har su yi ta dariya. Ya iya ke nan.

Kuma tunda gari ya cika da sunan Annabi Isa (AS), yara za su yi tambaya, kada a toshe musu baki. Muna da amsa mai kyau a sura ta 19, Suratu Maryam: yadda Nana Maryam ta keɓe, yadda naƙuda ta kai ta gindin dabino, yadda jariri ya yi magana a tsumman goyo ya wanke mahaifiyarsa, ya kuma bayyana kansa bawan Allah. A gaya wa yaro mu ma muna son Annabi Isa, Musulunci ba ya cika sai da imani da shi, ga kuma inda muka rabu da maƙwabtanmu a kansa. Yaron da ya ji wannan a gida cikin natsuwa ba zai rikice a waje ba, kuma ba zai je ya zagi kowa ba.

Wannan sura ma tana da tarihi da ya yi kama da zamanmu. Da azaba ta yi tsanani a Makka, Annabi ya tura sahabbai Habasha, ƙasar Kirista, saboda akwai sarki adali. Ƙuraishawa suka aika Amru ɗan Asi da kyaututtuka a dawo da su. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ya tashi a fada ya karanta farkon Suratu Maryam, Najjashi ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, ya ce ba zai miƙa su ba. Suka zauna shekaru, suka yi sana'a, suka haihu. Abdullahi ɗan Ja'afar a can aka haife shi. Akwai kuma wata yarinya, Ummu Khalid, ita ma haihuwar Habasha. Bukhari ya kawo cewa bayan sun dawo Madina an kawo wa Annabi tufafi, a ciki akwai wata 'yar riga mai ado. Ya sa aka ɗauko masa yarinyar, ya sa mata da hannunsa mai albarka, ya yi mata addu'ar tsawon rai, sannan ya yaba mata rigar da kalmar yaren Habasha, yaren da ta tashi da shi. Ni duk sanda na ji uba yana dukan ɗansa don ya amsa masa da Yarabanci sai wannan hadisi ya faɗo mini. Yaro haihuwar Ibadan dole ya ji Yarabanci, kuma riba ce, gobe shi zai yi maka ciniki a Dugbe. Hausa kuwa ba da bulala ake dasa ta ba, da hira ake yi.

Game da maƙwabta, mu yi hattara da abin da muke furtawa a gaban yara. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ba mu damar kyautatawa da adalci ga duk wanda bai yaƙe mu ba, bai kore mu daga gidajenmu ba. Abdullahi ɗan Amru (RA) an yanka akuya a gidansa, da ya dawo abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Mun kuma san yadda Yarabawa suke, gida ɗaya wa Musulmi ƙane Kirista, ranar Ileya duk suna tare. Mun ga abin da ya faru a Sasa a Fabrairun 2021, yadda ƙaramar magana ta ci shaguna da rayuka, ba ma fatan Allah Ya maimaita. Yaro ya gaida maƙwabci, ya karɓi saƙo da hannu biyu, ya yi godiya. Batun abincin da ake aikowa ranar biki malamai suna da bayani a kai, mai tambaya ya sami Malam Liman bayan salla, kada ya yanke wa kansa hukunci a bakin ƙofa yaran mutane suna tsaye da kwano.

Sai ku iyayenmu maza, Alhazai, na san amsarku: kasuwa. To a tafi da yaron kasuwar mana. Namiji da ya kai shekara goma ya bi ubansa rumfa kwana biyu ko uku a mako, ya ga yadda ake cika mudu ba a danne hannu, yadda ake faɗa wa mai saye aibin kaya, yadda ake rufe ciniki a tafi azahar. A saya masa asusu ranar farko, kullum a jefa masa ladan aikinsa, ranar jajibirin komawa makaranta a fasa a gaban kowa, ya sayi takalmi ko littafi da guminsa, ya cire sadaka da hannunsa. Mata ma a yi musu asusun a gida. Amma don Allah wannan ba shi ne a ɗora wa yarinya tire a tura ta tasha talla har dare ba. A wannan wata tashoshi cike suke da baƙin fuska da 'yan maye. Ribar tiren nawa ce? Haka nan abin fashewan nan da yara ke kira nokawut, kada a ba su kuɗinsa. Yana cin yatsa, yana cin ido, ga shaguna a manne da juna, ga iska ta bushe.

Rana ɗaya kuma a cikin mako ukun, rana ɗaya tak, a bar wa yaron shago rumfa a fita da iyali. Daga Mokola zuwa gidan namun daji na Jami'ar Ibadan Micra ɗaya ce. Akwai yaran da aka haifa a Sabo ba su taɓa hawa hasumiyar Bower a Oke Are sun hango rufin garin da suke ciki ba. A dawo a dafa abin da ba a saba dafawa ba, waina da miyar taushe, ko dambu, ko funkaso, a sa yara su taya aiki, a ci a faranti ɗaya da uba. Wanda yake ganin wasa da yara zubar da girma ne ya tuna Annabi ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, ya tsawaita sujada don jikansa ya hau bayansa, kuma da Aƙra'u ɗan Habis ya yi alfaharin yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ba yabo ya samu ba, gargaɗi ya samu a kan rashin tausayi.

Masu niyyar kai yara gida ganin kakanni, madalla, babu al'adar da ta fi wannan, kuma hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa sada zumunci yana buɗa arziki yana ƙara albarkar kwana. Amma a yi tafiyar rana, a cikin motar fasinja. Kada a ɗora yaro a saman tirela don ragin kuɗin mota, hanyar Jebba zuwa Mokwa ba ta da tausayi. Wanda aljihu bai ba shi ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma, ya sa rana ɗaya a mako a kira gida ta bidiyo, kowane yaro ya gaida kaka da bakinsa, da Hausa, ya san sunanta, ya san sunan garinsu da unguwarsu. Akwai samari a cikinmu da in ka tambaye su daga ina, sai su ce daga Arewa, shi ke nan iyakar saninsu.

Sanarwa daga kwamitin masallaci: karatun allo da muraja'a zai ci gaba a duk tsawon hutun, Asabar zuwa Laraba, daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe, don yara su sami yammacinsu. Daren Alhamis bayan isha'i za a shimfiɗa tabarmi a harabar masallaci, dattawa biyu sun yi alkawarin zama da yara maza su ba su ƙissoshin Annabawa da labarin yadda aka kafa unguwar nan; iyaye mata kuma sun shirya nasu zaman da 'yan mata a cikin gida. Ana neman mai taimakawa da gyaɗa, rake ko kayan shayi, a kawo ofishin sakatare kafin la'asar ɗin Laraba. Kowane uba ya rako ɗansa da kansa, ya kuma zo ya ɗauke shi, ba za a sallami yaro shi kaɗai da dare ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kai matafiya lafiya. Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci