Gahawa da Saɓanin Likitoci: Ina Muridi Zai Tsaya?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya yi dare don hutawa, ya yi yini don nema. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwana ahbabu, a makon jarrabawar bara saƙo biyu suka shigo wayata a yini guda. Na farko ya ce likitoci sun gano cewa shan gahawa, wadda muke ce wa kafe, yana ƙara tsawon rai. Na biyu ya ce likitoci sun gano cewa tana lalata zuciya kuma tana jawo ciwon daji. Na tura na farko ga abokaina, na goge na biyu. Ban bincika ko ɗaya ba. A lokacin ina shan kofi huɗu ko biyar kowane dare don in yi bitar darussa, saboda haka saƙon da ya yi mini daɗi shi na gaskata.

Kwana uku bayan haka na kwanta wajen ƙarfe uku na dare, barci ya ƙi zuwa sai dab da kiran salla, na farka rana ta fito. Asuba ta wuce ni. Na rama salla, na zauna lazimi, harshe yana motsi zuciya tana wani wuri. Tun ranar nake juya wannan tambaya: idan masana suka saɓa a kan abin da nake sakawa a cikina, wa zan bi, kuma da wane ma'auni?

Abin da ya fara ba ni mamaki da na shiga bincike shi ne cewa gahawa ba baƙuwa ba ce a gidan sufaye. Itacenta daga ƙasar Habasha yake, amma tsofaffin labaran da aka rubuta na shanta sun fito ne daga sufayen Yaman a ƙarni na 15. Suna dafa ta don su kori barci a majalisin zikiri na dare, shehi ya ɗiba daga kasko ya miƙa wa almajirai ɗaya bayan ɗaya. Ana danganta yaɗuwarta ga wasu bayin Allah irin su Shehu Aliyu ɗan Umaru Shazali na garin Moka da Shehu Zabhani na Aden. Daga nan ta isa Makka da Alƙahira.

A shekarar 1511 wani hakimin Makka mai suna Ha'ir Beg ya tara malamai don a yanke hukunci a kanta. Likitoci biyu suka ba da shaida cewa tana cutar da jiki da hankali, aka hana ta, aka hukunta masu sayarwa. Da maganar ta kai Alƙahira, amsar da ta dawo ta tsananta a kan tarukan shashanci da ake yi da sunanta, amma hanin shanta bai ɗore ba. Daga baya a cikin wannan ƙarni Abdulƙadir Jaziri ya rubuta littafinsa Umdatus Safwa yana kafa hujja kan halaccinta. Ashe saɓanin likitoci a kan gahawa ya haura shekara 500, ba da wayar hannu ya fara ba.

A zamaninmu ma haka maganar ta yi ta juyawa. A 1981 wasu masana a jami'ar Habad ta Amurka suka wallafa bincike da ya danganta gahawa da ciwon dajin pankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai daidaita sukarin jini. Mutane suka tsorata, amma binciken da suka biyo baya ba su tabbatar da haka ba. A 1991 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa gahawa cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo dajin mafitsara. A 2016 cibiyar ta sake duba bincike sama da 1000, ta cire ta daga wannan rukuni. Wanda ya ji wannan zai iya cewa: jiya sun ce haka, yau sun ce haka, duk ƙarya ce. Ni ma na taɓa faɗin haka, ban kuwa yi musu adalci ba.

Ga abin da ya faru. Galibin waɗannan binciken kallo ne kawai. Ana tambayar dubban mutane abin da suke ci da sha, a bi su shekaru, a ga wa ya kamu da ciwo. To, a ƙasashen da aka yi su, masu yawan shan gahawa su ne kuma masu yawan shan taba. Sai laifin taba ya hau kan gahawa. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2012, wanda ya bi mutum kusan 400,000 daga 1995 zuwa 2008, ya nuna wannan ƙarara. A lissafin farko masu shan gahawa sun fi mutuwa. Da aka ware tasirin taba da makamantanta, sai lissafin ya juya, masu shanta suka ɗan fi ƙarancin mutuwa. Mu da ɗariƙarmu ta nesanta mu da taba, ya kamata wannan ya fi saurin shiga kanmu.

Sai dai wannan sakamako mai daɗi shi ma yana da nasa rauni. Mutumin da ciwo ya fara kamawa yakan bar gahawa da kansa, ko likita ya hana shi. Idan aka ƙidaya shi cikin waɗanda ba sa sha, sai rukuninsu ya cika da marasa lafiya, masu sha su zama kamar sun fi ƙoshin lafiya. Don haka masanan kirki ke cewa an ga gahawa tare da ƙarancin ciwon sukari da wasu cututtukan hanta, ba su cewa ita ta hana su. Mai tura saƙo a waya shi ke yanke wannan taka-tsantsan ya bar mana kan magana kaɗai.

Wanda ya zauna gaban malaman hadisi ko na ɗan lokaci ya san wannan aiki. Idan ruwaya biyu suka yi karo ba a watsar da su duka, ba a kuma zaɓar wadda ta yi wa rai daɗi. Ana tambaya: wa ya ruwaito, daga wa, mutum nawa suka zo da ita, wacce ta riga, ko akwai hanyar haɗa su? Alƙur'ani a cikin suratul Hujurati ya umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Haka ya dace mu yi da labarin likitoci. Bincike ɗaya ne ko taron bincike da yawa? A kan mutane aka yi ko a kan ɓeraye? Kofi nawa ake nufi, da sukari ko babu? Masanin da ya janye maganarsa saboda sabuwar hujja ya fi cancantar a amince masa a kan wanda bai taɓa janye komai ba. Manyan malaman fiƙihu ma sun yi haka, Imamu Shafi'i yana da tsohuwar magana da sabuwa a mas'aloli da yawa, kuma hakan bai rage masa daraja ba.

Idan aka tace, akwai abubuwan da kusan babu jayayya a kansu. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 na sinadarin kafeyin a yini, wato kimanin kofi huɗu, ba ya da matsala ga baligi mai lafiya, mai ciki kuwa kada ta wuce 200. A cikin wannan lissafi a sa shayi da goro da lemunan ƙara kuzari, domin duk suna ɗauke da kafeyin. Mai hawan jini, da mai bugun zuciya, da mai yawan fargaba, da mai ƙwarnafi, su nemi shawarar likitan da ya san jikinsu. Sukarin da muke zubawa cokali uku ko huɗu cutarsa daban take. Kuma a wannan hukunci na 2016 cibiyar Liyon ta yi gargaɗi cewa duk abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 ana kyautata zaton yana jawo dajin maƙoshi. Wannan ya shafi gahawa, ya kuma shafi shayin da muke kurɓa yana tururi a fada. A bari ya huce kaɗan.

Sai maganar barci, wadda ita ce ta fi shafar mu. A cikin yini wani sinadari da ake kira adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sanar da mutum cewa ya gaji. Kafeyin ba ya kawar da gajiyar, toshe wannan sanarwa kawai yake yi. Jiki kuma yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabin abin da aka sha, a wasu mutane ya fi haka, a mai ciki ya fi sosai. Kofin ƙarfe goma na dare yana nan cikin jini har asuba. A 2023 aka wallafa wani gwaji da aka yi a San Faransisko da mutum 100, ana umartarsu su sha wasu ranaku su bari wasu ranaku. A ranakun sha sun ƙara tafiya da taku kusan 1000, sun kuma rage barci da minti 36. Kofi ɗaya ne ya kawo amfanin da hasarar. Wakilin jarida zai iya ɗaukar ko wanne ya yi kan labari da shi, kuma bai yi ƙarya ba.

Da na kai wa muƙaddaminmu ƙarar kaina, na zaci zai ce in daina ko ya ce ba komai. Bai faɗi ko ɗaya ba. Tambayata ya yi: “Ɗana, me ka saya da wannan farkawa, kuma da me ka biya?” Na yi shiru. Na ce: “Sidi, na sayi awa uku na karatu, na biya da asuba.” Ya ce to na riga na san hukuncina, ba sai ya faɗa mini ba.

A nan na gane inda kuskurena yake. Saɓanin likitoci bai cuce ni ba, abin da nafsu ta yi da saɓanin shi ya cuce ni. Malamanmu sun daɗe suna gargaɗi a kan mai bin rangwamen kowace mazhaba, yana tsintar abin da ya yi masa sauƙi nan da can. Irin wannan na yi da kimiyya. Akwai kuma wata dabara ta nafsu da ta fi wannan ɓuya, ita ce ta ce maka tun da masana ba su daidaita ba, ai babu gaskiya, yi abin da ka ga dama. Ko ta wace ƙofa aka shiga, son zuciya ne ke yanke hukunci, ilimi yana zaune a gefe ana ambaton sunansa.

Wani zai ce: ai kai ka ce sufaye suka fara shanta don raya dare, me zai hana mu? Gaskiya ne, kuma ban ce haramun ba ce, ni ba mai fatawa ba ne. Amma su sun sha ne a cikin majalisi, a hannun shehi, da niyya sananniya da gwargwado sananne. Abin da ya taimaka wajen nafila idan ya kai ga ɓata farilla, ciniki ya faɗi. Mun kuma san ƙissar Salmanu Farisi da Abu Darda'i, Allah ya yarda da su, lokacin da Salmanu ya hana ɗan'uwansa tsayuwar dare har sai ƙarshensa, ya tuna masa cewa ransa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Annabi mai tsira da aminci kuma ya gaskata shi. Idan tsayuwar dare don salla tana da iyaka, ina ga tsayuwar dare don jarrabawa?

Akwai gwajin da kowa zai iya yi ba tare da ɗakin bincike ba. Ku tuna ranar farko ta azumin Ramadan. Da yawa daga cikinmu kai ke sara musu tun kafin la'asar, su yi ta faɗa da mutane, su ce yunwa ce. Sau da yawa rashin kafeyin ne, likitoci sun san wannan ciwon kai, yakan fara cikin yini guda da dainawa ya ɗauki kwanaki kafin ya lafa. Wanda tarbiyya ke koya masa kada zuciyarsa ta rataya ga kowa sai Allah, ya dace ya san ko kofi ɗaya na da ikon ɓata masa hali. Wanda ya ga haka a kansa ya rage sannu a hankali tun cikin Sha'aban.

Ni dai abin da na tsayar wa kaina shi ne kofi biyu, duka kafin azahar, da sukari kaɗan. Karatun da nake yi tsakar dare na mayar da shi bayan lazimin safe. Ban ce kowa ya bi wannan adadi ba, jikuna sun bambanta, wani zai sha bayan isha'i ya yi barcinsa lafiya, wani kofin la'asar ya ishe shi kwana zaune. Kowa ya lura da jikinsa mako biyu da gaskiya, ya dubi barcinsa da asubarsa da halarcin zuciyarsa a wazifa. Kuma duk saƙon lafiya da ya shigo mana, kada mu tura shi sai mun san daga ina ya fito, musamman idan ya yi mana daɗi.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya tsare mu daga sharrin kawunanmu. Ya sa barcinmu da farkawarmu su zama dominsa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba ɗalibai nasara, albarkacin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina roƙon malamaina da yayyena su gyara mini. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.