Hakkin Mai Wucewa da Hakkin Mazauni

Duk wanda ya taso daga Akwanga ya nufi Makurɗi, sai ya ratsa Lafiya. Allunan bakin titi da shi kaɗai suke magana: rage gudu, ga kwana, ga mararrabar Shendam, ga ta Doma. Babu allon da ke kula mai tallar lemo, alhali ita ce 'yar gari.

Tun da Lafiya ta zama babban birnin jiha a 1996 cunkoso ke ƙaruwa, shi ya sa muke marhabin da batun hanyar kewaye gari. Muna da hujja: tirela ba ta da abin yi a tsakiyar jama'a, kuma yaron da ta take ba ya dawowa. To amma cunkoson da muke tsine wa shi ke tsayar da matafiyi har ya leƙo ya taya lemo. In an tsirar da ran yaro, aka kuma raba uwarsa da ciniki, wa ke bin wani bashi? Mu na cikin mota mun tsira da 'yan mintoci. Ita kuwa sai ta ɗauki farantinta ta bi sabuwar kwalta, inda ba mai taka burki.