Bencin Mai Faci

A sura ta 10 ta Bisharar Markus, Yesu yana kan hanyar Urushalima, inda gicciye yake jiransa. Ya gama ke nan da Farisiyawa a kan zancen saki, sai ga mutane ɗauke da 'ya'yansu, suna so ya sa musu hannu. Almajiransa suka tsawata musu. Ba mugunta ta sa su ba. A ganinsu Malam yana da manyan al'amura a gabansa, ina shi ina hayaniyar yara? Matiyu da Luka ma sun kawo labarin, amma Markus kaɗai ya gaya mana cewa ran Yesu ya ɓaci. Dole kuwa ya ɓaci, don ba da daɗewa ba, a Kafarnahum, bayan almajiran sun yi gardamar wane ne babba a cikinsu, ya tsai da yaro a tsakiyarsu ya rungume shi. Sun gani da idonsu, amma abin bai shiga zuciyarsu ba.

Ina da aboki mai faci a bakin titin unguwarmu, wanda duk na karanta wannan wuri sai ya faɗo mini a rai. Da an tashi makaranta bencinsa ya cika. Akwai randa a gindin rumfarsa da moɗa a kai, kullum da sassafe yake cika ta da ruwan da ya saya wurin mai garuwa, kowa kuma ya san ta yara ce.

"Kawu, ƙwallonmu ya sace."

"Kawo mu gani, ɗana."

Sai ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya hura ƙwallon, ya danna shi cikin bahon ruwa, kawunan yaran duk sun haɗu suna jiran inda kumfa za ta fito. Ya goge wurin, ya shafa sholisho, ya manna. Ko sisi ba ya karɓa. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne ya san sunan kowannensu: ɗan Kirista, ɗan Musulmi, har yaran makarantar allo da iyayensu suke nesa. Idan ɗaya ya kwana biyu bai leƙo ba, sai ya tambaya ko lafiya. Wanda ya yi ashar a bencin nan, zai ja kunnensa a hankali, ba tare da ya kunyata shi a gaban 'yan'uwansa ba. Muna yawan cewa ɗa na kowa ne. Shi kam a aikace yake faɗarsa.

Mu fa? Yaran da muke kora daga ƙofar gida da "kai, ku tafi can!" irinsu ne Ubangiji ya ɗauka a hannu ya sa wa albarka, a lokacin da nauyin duniya duka yake kansa.

Ya Uba, ka sa wa hannuwan bawan nan naka albarka, ka ƙara masa kasuwa, ka ba mu zuciya irin tasa. Amin.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a unguwarku ma akwai mai irin wannan hali, wataƙila ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Yaba kyauta tukwici. Kafin rana ta take yau, a je a same shi a ce masa an gani, an kuma gode.