Kada Baiti Na Uku Ya Saɓa Alkawarin Na Farko

Ɗana, kai da Allah ya yi wa baiwar waƙa, na san ba ganganci ne ke sa waƙarka ta tashi da daɗi ta ƙare da tuntuɓe ba. Zance ne ke cika maka baki, kana son ka faɗe shi duka, har ka ɗora wa ɗango abin da ya fi ƙarfinsa. Baitin farko ba ya wahalar da kowa, don tare da karinsa yake zuwa. Aikin yana can a na uku da na huɗu, inda ma'ana ke ja nan, kari yana ja can, kai kuma ka gaji. To ka sani, tun daga baitin farko kunnen mai sauraro ya riƙe kari, ya ɗauke shi alkawari, kuma ko bai san sunan abin da ya karye ba, zai ji an yi masa ba daidai ba.

Ƙirga gaɓoɓi da yatsa bai wadatar ba. Ɗauki "gida" da "kaza": kowace gaɓa biyu ce, amma gida ta fara da gaɓa mara nauyi, kaza kuwa duka biyun masu nauyi ne, saboda haka in ka cire wannan ka sa waccan a gurbi ɗaya, ɗangon zai yi ɗingishi ko da lissafinka ya cika. A wasu gurabe gaɓa mara nauyi biyu kan tsaya a madadin mai nauyi ɗaya, amma ba ko'ina ba, kunne ne ke ba da wannan izini. Malamai suna da ilimin Aruli da Khalil ɗan Ahmad na Basra ya tsara, da karuruwa irin su Kamil da Ramal da Mutadarak, kuma saninsu alheri ne. Sai dai Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, a ka ya tsara Infiraji, ga ta da tsawo, amma almajirai da makafi suka haddace ta, don karinta bai yaudare su ba. Mamman Shata, da ya rasu a 1999, kalangu ne ma'auninsa. 'Yan amshi sun san gurbin shigarsu, mawaƙin da ya zarce kuwa karo zai yi da su.

Don haka kafin ka nufi situdiyo, zauna ka rera baiti na biyar da muryar da ka rera na farko, kana buga ƙafa a hankali. Duk inda ka ji kana haɗiye kalma, ko kana jan gajeren wasali don ya cike gurbi, nan ɓarakar take. Kada ka bar wa mai fiyano ya rufa maka asiri, kiɗa ba ya gyara ɗango. Sake kalmar, ko ka raba zancen gida biyu ka kai ragowar baiti na gaba. Wani lokaci kalmar da ka fi ƙauna ita ce za ta fita, kuma da ciwo, na sani. Ajiye ta a bayan littafinka, wata waƙar mai karin da ya dace da ita tana tafe.